Inda Maganar Baba Ta Tsaya

Duk tsawon ran da Allah zai ba ni, ranar da na zauna da kwamfuta a tsakar gidanmu na Argungu ina neman ƙarshen maganar Baba ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina aikin kwamfuta a Birnin Kebbi. Da ciwon Baba ya yi nauyi, ƙanwata ta ɗauki muryarsa a waya yana ba da labarin rayuwarsa: noman shinkafa a fadamar Gulma, sana'ar su a gulbi, yadda ya taso maraya. Ta ba ni katin wayar, na kwafe. Kamar yadda na saba a wurin aiki, na buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga sha256sum da sunan fayil ɗin da ke kan katin. Ta fito da dogon layin haruffa da lambobi, wanda muke kira hash. Kamar zanen yatsa yake: ko ɗigo ya canza a fayil, layin ya canza. Na adana shi. Sauraro kuwa na kasa, ƙanwata ma ta kasa.

Bayan rasuwarsa, da Inna ta fita takaba, ta ce a kunna mata. Muka zauna, muryar na fita a hankali, da tarinsa da komai. Can ya ce, "Ita ko uwarku, akwai abin da ban taɓa gaya mata ba. Ranar da..."

Shi ke nan. Ta tsaya.

"Mi ya same ta?" in ji Inna. "Ina sauran?"

Na ce, "Kwafin ne ya lalace, Inna. Zan gyara." Har zuciyata na yarda da haka, don katin asali ya riga ya mutu, kuma fayil yakan yanke wajen kwafa. In ya lalace, akwai fatan cikakke na nan a wata kwamfuta tawa.

Na buga umarnin, na jera sabon layin kusa da tsohon. Ban taɓa roƙon Allah lambobi su saɓa ba sai ranar. Na bi su da yatsa har ƙarshe. Iri ɗaya ne. Babu abin da ya ɓace. Daga baya muka gano, ashe a daidai nan wayar ta ɗauke tun ranar da aka ɗauki muryar, Baba ya ci gaba da magana, ƙanwata kuwa ta fita ɗebo masa ruwa.

Na ce, "Inna, iyakarta ke nan."

Ta daɗe tana kallon allon da ba ta iya karantawa. Sannan ta ce, "To. Shi da Allah sun sani." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake neman a kunna ba har ta bi shi.

Abin da na koya shi ne, na'ura tana iya tabbatar maka ba a taɓa ajiyarka ba, amma ba ta maido abin da bai shiga ba. In kana da magana ga wani, ka faɗa masa yana zaune a gabanka.