Furen da Ya Rufe Bakin Malam Shittu

Malam Shittu maƙwabcina ne a unguwar Harra ta Gabas, a Madina. Kakansa ya zo aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, bai koma ba. Shi kuwa shekara talatin yana ba dabino ruwa a wata gona a Awali, kuma Allah ya yi masa baki. Kullum bayan la'asar, in mun zauna shan shayi a ƙofar gidan Mahmudu tela, sai ya karɓe hira. Ba ciyawar da bai san sunanta ba, in ji shi, har garin da iyayenta suka fito. Ni dai ina son sa, amma wallahi yana gajiyar da mutum.

Cikin sanyin shekarar 1979 wani ɗan fure ya tsiro a bakin magudanar gonar, gajere, shunayya, ganyensa siriri da farin layi a tsakiya. Shittu ya kawo shi majalisa a cikin kofin shayi, ya ce za'afaran ne. Mahmudu, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya aika aka kira wani Ba'irane mai shagon kayan ƙamshi. Mutumin ya leƙa cikin furen, ya ce zaren za'afaran guda uku ne, dogaye, jajaye, suna leƙowa waje. Na wannan gajeru ne, ruwan lemo. Ɗan uwansa ne na daji, amma sunansa da garinsu sai Allah.

Muka yi dariya, ni ma har da riƙe ciki. Shittu ya tashi ya rantse ba zai ƙara cewa uffan a majalisa ba sai ya kawo sunan furen da inda ya fito.

Ya matse furen a cikin wani tsohon littafin hisabi, ya riƙa tare baƙi a ƙofofin masallaci. Ba'indiye ya ce ba nasu ba ne. Bamisire ya ce albasa ce ta lalace. Wani ɗalibi ɗan Najeriya ya kai shi wurin malamin jami'a, malamin ya yi masa nasiha a kan ɓata lokaci. Har Khaibar ya je a bayan motar dabino, ya dawo da mura. Kullum kuma yana zuwa majalisa ya zauna shiru, Mahmudu yana kiran lalle zogale da gangan, Shittu yana haɗiye magana kamar mai haɗiye ƙwayar magani. Mako uku ya rame. Nan na fara jin tausayinsa.

A mako na huɗu ya gamu da wani tsoho Baturke da ya zo ziyara a bas. Tsohon ya ga furen, idonsa ya cika da hawaye. Ya ce cidem suke kiransa, a duwatsun ƙauyensu yake fitowa in ƙanƙara ta fara narkewa, yara suna tono 'ya'yansa a ƙasa su ci. Suna ya samu, gari ya samu. Saura yadda ya ƙetaro har Awali.

Ina tsakar gidansu ranar, Shittu yana ta lissafin ko tsuntsu ne ya kawo irin, ko tayar bas. Matarsa Ƙaltume tana tankaɗe. Ta tambayi yadda 'ya'yan suke, ya kwatanta mata: ƙanana, da ɓawo mai zare-zare.

Ashe lokacin Hajji wata Baturkiya da ta sauka a ɗakinsu na haya ta ba ta ƙulli guda na irin waɗannan 'ya'yan tsaraba. Ƙaltume ta ɗauka aya ce. Ta jiƙa za ta yi kunu, ta ɗanɗana ta ji ba zaƙi, ta juye a bokitin ɓawon kayan miya, wanda Shittu ke ɗauka kowace safiya ya kai gona taki.

"Malam, kai ka shuka abinka da hannunka," ta ce.

"Kina gani ina yawo wata guda, ba ki faɗa ba?"

"Ka tambayi Ba'irane, ka tambayi Bamisire, ka je Khaibar. Ni da ke zuba maka tuwo, ka tambaye ni?"

Washegari ya zo majalisa da sunan furen, da sunan dutsen, da labarin ƙanƙara. Da Mahmudu ya tambayi yadda furen ya zo Madina, sai ya sunkuyar da kai ya ce a tambayi Ƙaltume, ita ta sani. A shekara talatin, ranar na fara jin Shittu ya ce wani ya fi shi sani.