Yaya Mariyama ta tafi, kuɗin guminta na can a kulle

Yaya Mariyama ta rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a bakin aji da alli a hannu. Ƙanenta Malam Isuhu ne ya kira daga Tanut. Ya ce, "Rakiya, sai haƙuri, yayarki ta cika bayan sallar asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, sai dai na ga yara sun kewaye ni.

Ba dangi muke ba, aiki ne ya haɗa mu. Amma ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Yaya.

Ga waɗanda ba su san ta ba: ta yi shekaru tana tafinta wa wata ƙungiyar agaji a kwarin Tarka, tana juya magana tsakanin Faransanci da Hausa da Buzanci. Da aikin ya ƙare ta koma gida Tanut, ta kama fassara ta intanet. Kamfanonin ƙasashen waje su turo rubutu ko murya, ta fassara, su biya.

Ni malamar kwantiragi ce a Belbeji. Wanda ya san albashin kwantiragi ya san ba ya kai mutum ƙarshen wata.

A kasuwar Belbeji muka fara haɗuwa. Ina ciniki da wata mai nono da Fillanci, ita tana gefe tana saurare. Da na gama sai ta riƙo hannuna ta ce, "Ke, wannan Fillancin naki haka kike barin shi ya zauna a banza? Akwai masu nemansa da kuɗi."

Na ɗauka wasa take.

Ita ta koya mini komai. Tsohuwar kwamfutarta ta ba ni, ba ta karɓi ko dala ba. In na yi kuskure ba ta faɗa a cikin gurup ɗinmu na waya, sai ta kira ni gefe. Duk motar da za ta taso daga Tanut, in ta samu dama sai ta aiko wa ƴaƴana cuku. Autana har yau "Inna mai cuku" yake ce mata.

Aikin ba shi ne wuya ba. Karɓar kuɗin ne tashin hankali.

Ka gama aiki, a yaba maka, a ce zaɓi ƙasarka a biya ka. Ka yi ta ja ƙasa kana duba sunaye, ga Najeriya nan, Nijar babu. Inda kuma ka tarar da Nijar, sai a ce kawo fasfo, kawo asusun banki. Mu da ke nan Damargu, wa ke da fasfo? Katin ɗan ƙasa muke da shi, shi kuwa ba sa karɓa.

Yaya Mariyama kaɗai ke da su, tun zamanin aikin ƙungiya.

Saboda haka duk mu masu wannan aiki, daga Tanut zuwa Belbeji har Tenhya, ta hannunta ake biyanmu. Kuɗi su taru a asusunta na intanet, ta turo su banki, ta hau mota zuwa Damagaram ta ciro, ta raba wa kowa nasa. Kuɗin motar ma sai mun yi da gaske take karɓa.

Bara kafin damina aka kulle asusun.

Kamfanin da kuɗin ke bi ta hannunsa ya ce shigar kuɗi ta yi yawa ga mutum ɗaya, sai an yi bincike. Namu na ciki, nata na ciki. Kana buɗe waya ka gan su a rubuce, amma ba ka iya taɓa su.

Ta rubuta musu, ta sake rubutawa, ta yi bayani da Faransanci, ta nemi wanda ya sa mata shi cikin Turanci. Amsa ɗaya ke dawowa, cewa ana duba lamarinta. Ta ce mini, "Rakiya, da mutum ne da na roƙe shi. To inji ne, ina zan kama ƙafarsa?"

Matar da ke ba mu aiki daga can waje, mutuniyar kirki ce, ta ce ita ta riga ta biya, abin ya fita daga hannunta. Kuma gaskiya ta faɗa.

Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kama Yaya. Ƙafafu suka fara kumbura, daga baya fuska.

Sai maganganu suka fara yawo. Wani a cikinmu, ba zan kama suna ba, ya rubuta a gurup cewa kowa ya san yadda ake cin kuɗin mutane a ce inji ne ya riƙe. Ta karanta.

Ranar kasuwa ta aika Tenhya aka koro shanunta da ke hannun makiyayi, waɗanda ta tara tun tana tafinta. Aka sayar. Wanda ya zarge ta a gurup, shi ta fara biya, sannan ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya.

Na kira ta ina faɗa. Na ce, "Yaya, shanun nan ai su ne maganinki. Likita ya ce ki je wankin ƙoda."

Ta ce, "In aka buɗe asusun zan je. Su ma ai suna da yara."

Daga ƙarshe kamfanin ya amsa. Ya ce za a buɗe, amma sai ta nuna fuskarta a kyamara an gwada da hoton fasfo. Mun yi murna ranar, wallahi har guɗa na yi a tsakar gida.

Injin ya ce fuskar ba tata ba ce.

Ciwo ya sauya ta. Matar da ke cikin hoton siririya ce mai dogon wuya, wadda ke riƙe da wayar kuwa idanunta da ƙyar suke buɗewa. Suka ce to ta kawo sabon fasfo mai sabon hoto. Da aka tambaya, aka ce mata sai ta je Yamai da ƙafarta. Zuwa Yamai sai da lafiya, lafiya sai da kuɗi, kuɗin kuma ga inda suke.

Duk inda muka juya bango ne.

Ganina da ita na ƙarshe, hutun makaranta ne da ya wuce. Na same ta kwance a rumfar tsakar gida, an jingina mata matashi, waya na kan ƙirjinta. Ta ce, "Yauwa, kin zo a daidai, yau kumburin ya ɗan sauka. Zo ki ɗaura mini kallabi irin na hoton nan, ko Allah zai sa ya gane ni."

Na ɗaura mata. Na sa mata kwalli. Rezon waya ba ya kamawa a rumfar, sai ni da Malam Isuhu muka tallabe ta zuwa bakin zaure, muka zaunar da ita a kujera. Na riƙe mata wayar. Injin ya ce ta juya dama, ta juya. Ya ce hagu, ta juya. Ya ce ta ƙifta ido.

Alamar jira ta yi ta juyawa a fuskar wayar.

Ya ƙi.

Sai ta yi dariya, har da tari. Ta ce, "To Isuhu, kai dai ka shaide ni ko? Kada kai ma ka ce ba ni ba ce." Shi bai yi dariya ba, ya juya ya shige gida.

Da muka koma rumfa ta ce in matso kusa. Ta ce, "Kowa na sallame shi, saura ke. Na bar ki ƙarshe don ke tawa ce. Akwai tunkiya ɗaya a garke, ki tafi da ita."

Na ce ba zan ɗauka ba.

Ta ce, "Rakiya, kada ki sa in tafi da nauyinki a wuyana."

Na ce, "Ina za ki, Yaya? Ki warke tukuna mu yi lissafi." Na tashi na shiga wanke mata kwanoni don kada ta ga fuskata. Da zan tafi ta sa aka ƙulle mini gero a leda, ita da ba ta iya cin komai. Har na kai ƙofa ta ɗaga murya ta ce in riƙa ajiye aikina wuri biyu, kwamfutar nan ta tsufa.

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Ɗazu Malam Isuhu ya sake kira. Za a sallace ta bayan azahar, ina cikin mota yanzu haka, ban sani ba ko zan riski jana'iza. Ya ce liman zai tambaya ko akwai mai binta bashi, kuma shi bai san kan wannan aiki namu ba. Ya tambaye ni yadda za a yi marayunta su samu abin da ke cikin asusun. Da ranta ma kamfanin bai yarda ita ce ba.

Amma tambayar bashi ina da amsarta, kuma a nan zan faɗa kowa ya gani. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ke bin Mariyama kuɗi. Ta biya kowa da dabbobinta. Nawa da ya rage na yafe mata duniya da lahira, Allah ne shaida, ku ma ku shaida. Na so in faɗa mata haka a rumfar nan, bakina ya kasa.

Ya Allah, Kai Ka san ta, ba Ka bukatar a nuna maka komai. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka tsaya wa ƴaƴanta, Ka ba Malam Isuhu haƙuri. Mu da ta bari, Ka buɗe mana wata ƙofa.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya kira sunanta: Mariyama.