Apa Burulkan da Ɗanyen Itacen da Ta Ba Ni

Ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran uwar mijina, Apa Burulkan, tana da shekara saba'in da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A kan cinyata ta cika, ina ba ta ruwa da cokali. Ni ce Nurzada, matar autanta Mederbek, wadda aka kawo daga duwatsun Alai. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Apa, liman ya ce haƙƙin mutum Allah ba ya yafewa sai mai shi ya yafe. Tun da na ji haka na kasa cin abinci, don akwai abin da kika yi mini, kuma ban san yadda zan yi da shi ba.

Bari in fara da alherinki, don yana da yawa. Ranar da aka kawo ni, kowa fuskata yake kallo, ke ce kika kalli ƙafata kika ga takalmina ya yage. Kika cire naki kika ba ni. Da Mederbek ya koma wurin aikinsa a Rasha bayan wata biyu, ya bar mu ni da ke, gurasar da ta fara fitowa daga tanderu tawa ce kullum. In kin ga ina kewar gida, sai ki dafa shayi da madara da gishiri irin namu, ki sha tare da ni kina yamutsa fuska, kina cewa, "Kelin, mutanenku da gangan suke shan wannan, ko horo ne?" Ba ki taɓa kirana da sunan nan na amaryar gida cikin faɗa ba, sai da wasa.

To, sai maganar murhu. Mederbek ya sayo murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi ya kafa a babban ɗaki, irinsa biyu ne kacal a ƙauyen. Hura shi aikin amarya ne. Ni kuwa garinmu ba bishiya ko ɗaya. Da busasshen kashin shanu na tashi, daga nesa ina gane wanda zai ci wuta, amma itace ban san shi ba. Kika kai ni bakin zaure kika nuna mini tari guda, kika ce, "Nan za ki riƙa ɗiba. Na cikin rumfa na tanderu ne, kar ki taɓa." Kika nuna mini ƴar kafar iska da ke ƙasan ƙofar, kika ce in riƙa rufe ta don kar itace ya ƙare da wuri.

Haka na yi, sanyi biyu. Itacen yana kuka cikin wuta, kumfa na fita ta bakinsa, na zaci haka itace yake yi. Kafin shayi ya tafasa gilashin ya yi baƙi ƙirin, ba ka ko ganin harshen wuta. Da safe, in ya huce, sai ki shigo da jiƙaƙƙiyar jarida, ki dangwali toka, ki durƙusa da gwiwoyinki masu ciwo ki goge shi har ya yi tas. Ina tsaye ina jin kunya, ina yi miki addu'a a zuci. Ranar da baƙi za su zo kuwa ke kike hurawa, gilashin ya wuni fes. Mata suka ce hannu ne, wata tana da shi wata ba ta da shi. A bakin rafi suka sa mini suna, mai makahon murhu. In Mederbek ya yi kiran bidiyo sai ya ce in juya masa wayar ya ga murhunsa, ya gani ya yi tsaki ya ce, "Wuta ma ta gagare ki?" Na yi ta tari. Sau biyu ina ɗaure kayana in koma gida, kina kwancewa kina cewa, "Haƙuri, kelin, ai ina nan."

Kwana tara da rasuwarki, Gwaggo Zuura, ƙanwar marigayi mijinki, ta tarar da ni a bakin zaure ina ɗibar itace. Ta ce, "Ke, wuta za ki hura ko wanki za ki yi? Wannan ai saran bana ne!" Ta ɗauki biyu ta buga, suka yi dum. Ta shiga rumfa ta ɗauko itacen tuffa biyu da suka shekara biyu a ajiye, ta buga, suka yi ƙara kamar ƙwarya. Ta zuba a murhu, ta buɗe kafar iska gaba ɗaya. Muka zauna har la'asar gilashin bai dushe ba.

Na ce, "Gwaggo, to ko Apa ba ta sani ba?" Ta ce, "Burulkan? Wadda aka haifa a gindin bishiya?" Sannan ta faɗa mini. Ashe ƴaƴanki sun shirya cewa da zarar amarya ta iya riƙe gida, za a kai ki wurin ƴarki Anarkul a Jalal-Abad, a bene hawa na biyar, kusa da likita. Kin ce wa Gwaggo, "Muddin gilashin nan na baƙi, ba mai ɗaga ni daga ɗakina."

Apa, me ya sa ba ki gaya mini ba? Wallahi da kin ce, "Kelin, taimake ni," da ni da kaina na shafa wa gilashin baƙin tukunya duk ranar da ɗanki zai kira. Da mun yi dariya mu biyu. Amma kika bar ni na yarda ni ce ba ni da amfani. Kina jin abin da ake kirana a rafi, ki dawo ki ba ni gurasa mai zafi. Yanzu ban san wacce ce ke ba, mai takalmin ko mai itacen. Gwaggo ta ce duka biyun. Ni ƙwaƙwalwata ba ta ɗauka ba.

Abin da na sani shi ne, tsoro kika ji, kuma kin samu abin da kike so, a ɗakinki kika cika. Ni na biya, ba a tambaye ni ba. Ban huce ba, ba zan yi miki ƙarya kina kabari ba. Amma ba zan iya zama in san ni ce na tare miki hanya ba. Na yafe miki, Apa, duniya da lahira. Fushin kuma nawa ne, zan riƙe kayana har ya ƙare.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Anarkul da ƴaƴanta, da Gwaggo Zuura, da dukan dangi. Kai kuma Mederbek, Allah ya ba ka haƙurin rashin uwa. Kar ka zarge ta, na riga na sake ta. Ni ce kake da sauran magana da ni in ka dawo.