Gurguwar Akuyar Gwaggo

Jiya cikin motar Tamaske direba ya kunna wata waƙa. Muryar namiji ce da kiɗan zamani, amma baitocin na gwaggona ne, Allah ya jiƙanta.

Ita ke tsara waƙoƙin da matan ƙauyenmu ke yi wajen niƙa da biki, kuma ba ta yarda da kunnen kowa ba. Kafin ta gwada sabuwar waƙa bisa dutsen niƙa, hannuwanta fari fat da garin gero, sai ta ce mini, "Ɗiyata, leƙa bayan darni, wa ke tsaye?"

Wata rana na tarar da wani mai sayen tabarmi, wayar salula a hannunsa kamar mai ɗaukar murya. Ya ce inuwa yake sha. Darnin nan kuwa ba shi da inuwa da rana tsaka.

Gwaggo ta ce, "Ƙyale shi. Kowace waƙata da baitin gurguwar akuyata a ciki, ɓarawo ba zai san ya fidda ta ba."

Na kasa kunne a motar. Can tsakiyar waƙar sai ga akuyar tana ɗingishi. Direba ya ce ai mawaƙin ne ya tsara abinsa.

Allah ya kai haske kabarinki, Gwaggo. Ya sa akuyar nan ta yi ta bin mawaƙin har ya faɗi sunanki.