Irin waken da na kai teburin karta

Shekarar da ban shuka wake ba, ruwa bai yi mini laifin komai ba. Ni na sayar da irin da hannuna a kasuwar Dogon Dutsi, don in biya kuɗin shiga gasar karta.

Poka ake ce wa wasan. Wani da ya dawo ci-rani daga Kwatano ya koya mana, mu kuwa muka rungume shi kamar gadon ubanmu. Kowa ya biya, a ba shi marufan kwalba su zama dukiyarsa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Wanda ya rage a ƙarshe shi ke ɗaukar kyautar babur. Na ce a raina, mai babur ai ba ya rasa iri.

Bayan azahar muka taru a wani kango, mu goma sha shida. Ina ɗaga kai sai ga ƙanen mahaifin matata, wanda ya ba ni aurenta, zaune yana gyara hula. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango.

Wasa ya yi ta cin mutane har muka rage mu huɗu, da ni da shi a ciki. Aka raba karta, na leƙa tawa, sarki biyu, karta mai ƙarfi. Ban gama murna ba ya turo marufansa duka tsakiya.

"Tapi," in ji shi, wato ya zuba duk abin da ya mallaka.

Ko dai in bi shi da nawa duka, ko in jefar da kartata. Dabarar wannan wasa a fuska take: ka tsura wa mutum ido ka ga ko kartarsa na da ƙarfi ko barazana kawai yake. To ni tun da na yi aure ban taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba. Ƙafarsa kawai nake gani, babban yatsa yana ta motsi cikin takalmi, ban kuwa san abin da yatsa ke nufi ba. In na bi na ci, na kori surukina a gaban samarin gari. In na bi na faɗi, babu babur babu iri.

"Mi kaka jira?" in ji mai rabon karta.

Na ce, "Baba, na bar muku." Na ture sarakunana.

Ya baje kartarsa a buɗe, bakwai da biyu, ko kare ba zai ci ba. Kangon ya ɗauki dariya. Daga nan ban sake wasan hankali ba, zagaye uku aka share ni. Shi ma bai daɗe ba ya biyo bayana. Wani mai sayar da fetur ya hau babur.

Da ruwan shuka ya sauka, matata ta buɗe jarkar iri ta tarar da iska. Na ce mata ƙwaro ya cinye na zubar.

Ta ce, "Bari in tai wurin Baba, shi ba ya wasa da ajiya."

Ban hana ta ba. Da la'asar ta dawo da ƙwarya wayam, ta zauna bakin ƙofa.

"Malam, bana ƙwaro ya yi ɓarna," in ji ta. "Nashi ma ya cinye."