Injin da bai karanta littafina ba

Lokacin hutun rana a kamfanin robar da nake aiki a Sharaɗa, ina bitar Fiziks saboda jarrabawar da zan sake rubutawa. Malam Iliya mai kula da injin matse roba ya ji ina ta maimaita "infinitesimal".

Ya ce, "Wannan Turancin fa?"

Na ce, "Ƙanƙantar ƙwayar zarra ake nufi, wadda aka gina komai da ita. Littafin ya ce cikinta kusan duk fili ne."

"Har ƙarfe?"

"Har ƙarfe, Malam."

Ya kalli injin, ya kalli hannunsa da ya rasa yatsu biyu bara.

"To, injin nan dai bai karanta littafinka ba."

Muka tashi muka koma bakin aiki. Ku da kuka yi kimiyya, me za ku ce masa?