Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Inna

Gara in faɗi laifina da bakina kafin ƙannena su riga ni su ƙara masa gishiri: ni ne na kusa kashe ɗakin kakarmu da rabin buhun siminti.

Gidanmu yana Gyaɗi-Gyaɗi, a Kano. Duk ginin bulo ne da rufin kwano, sai ɗaki ɗaya a kusurwa, na ƙasa, soro mai azara, wanda kakanmu ya gina da hannunsa. Nan Inna, mahaifiyar Babanmu, take zaune. Kaurin bangon nan, in ka kwanta a kai sai ka yi juyi biyu ba ka faɗo ba. Abokaina in sun zo sai su ce, "Kai Nura, ashe gidanku har da gidan tarihi? Nawa ne kuɗin shiga?" Abin ya tsaya mini a rai. Ina da shekara goma sha huɗu aka gyara kwatar gidanmu, siminti ya yi saura, Inna kuma ta tafi suna Unguwa Uku za ta kwana biyu. Na kwaɓa, na shafe bangon da ke kallon tsakar gida sumul. Baba ma da ya gani cewa ya yi, "Ka ga aiki."

Da Inna ta dawo, ba ta ajiye ƙullin kayanta ba sai da ta ɗora tafin hannunta a bangon.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana da wasa, "ka toshe wa ɗakina hanci. Ashe ka manta Ƙadangare?"

Ban manta ba. Muna ƙanana, da an idar da magariba sai mu kewaye murhunta a ƙofar ɗakin nan. Gidan akwai gas, amma Inna ta ce tuwon gas ba shi da albarka. Tana tuƙi tana korar hayaƙi da mafici, mu kuma muna faɗa a kan wanda zai samu ƙanzo. In ta sauke tukunya sai ta tura mana gyaɗa cikin toka, ta ce, "Mai kunne ya matso, mai surutu ya tafi wurin uwarsa." Ni ne mai surutun, amma ko da bulala ba a iya ɗaga ni.

Labarin da ta fi maimaitawa na Zanzaro ne da Ƙadangare. Wai a da can kan Ƙadangare fari ne tas. Zanzaro tana gina ɗakinta da laka, loma ɗaya loma ɗaya, shi kuwa yana kan katanga yana mata dariya: "Baiwar Allah, kina da fiffike kina kwana a taɓo?" Rannan ya tsinci gwangwanin madara a bola, sai walƙiya yake, ya ja shi bainar jama'a ya tare, har da walima. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, gwangwani ya fara aikinsa. Fita kunya, ga baƙi suna kallo. Zama kuma wuta. Ya daure, ya daure, har kansa ya nuna jawur. Da ƙyar ya ja ciki zuwa ƙofar Zanzaro. Ta ce, "Shigo. Ƙasa uwa ce, da rana ta shanye maka zafi, da dare ta rufa maka asiri." Ya ce, "Haka ne, haka ne," yana gyaɗa kai.

"Shi ya sa har gobe," in ji Inna, tana gyaɗa nata kan har ɗankwalinta ya zame, "kansa ja, kuma bai daina amsa laifinsa ba."

Mu dai abin dariya muka ɗauke shi.

Damina ta faɗi. Ashe ruwa yana zurarewa ta bayan simintina, ƙasa ta sha, ta rasa ta inda za ta bushe. Wata la'asar muka ji ƙara, ni dai na rantse har Hotoro an ji ta. Simintin ya ɓalle gaba ɗaya, ya tafi da kusan rabin kaurin bangon, ya kashe bokiti biyu nan take.

Baba ya tsaya yana kallon ramin. "Inna, magana ta ƙare. Da bazara za a kawo bulo a rushe shi, a yi miki na zamani, da silin da fanka."

Inna ba ta ɗaga murya ba. "To, Allah ya yi albarka. Ranar da za a sa masa diga, a sa ni a mota a kai ni ƙauye wurin ƙanwata. Ba zan tsufa a gwangwani ba."

Kowa ya san Inna ba ta faɗa sau biyu. Ranar ko ƙanzo ban nema ba.

Wanda ya cece ni shi ne Sale, ɗan adaidaita da ke ajiye kekensa a ƙofar gidanmu, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Rano. Ya leƙo ya ga ramin, ya riƙe baki. "Wane mara imanin ne ya sa wa ƙasa siminti?" Na kalli sama ina ƙirga tsuntsaye. Ya ce ubansa magini ne, a cikin kwaɓi ya girma, in ruwa ya ɗauke zai gwada. Baba ya ce mu yi wasanmu da taɓo, shi dai bulo na nan zuwa.

Da kaka ta yi, Sale ya yi ta ɗebo jar ƙasa a buhuna cikin kekensa. Muka zuba busasshiyar ciyawa da kashin shanu, muka jiƙa, aka bar shi kwanaki ya ruɓa. Warin nan, ƙudajen Daurawa ma sai da suka zo gaisuwa. Sannan aka shiga tattakawa da ƙafa. Na je na kamo abokan nan masu tambayar kuɗin shiga, na ce musu motsa jiki ne na 'yan ƙwallo. Inna tana kan kujerarta tana ba da umarni: "Maigida, taka da ƙarfi! Da wannan ƙafar za ka riƙe ni?" Muka cike ramin kaɗan-kaɗan, kowane sawu sai ya sha iska. Daga ƙarshe Sale ya kawo makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, aka shafe bangon da ita don ruwa ya riƙa zamewa, muka gyara indararon soron.

Bazara ta zo da fushinta. Aka ɗauke wuta kwana da kwanaki, janareta ya yi yaji, fanka ta zama ado. Ɗakunanmu na kwano kuwa, in ka shiga da ɗanyen ƙwai a aljihu sai ka fito da dafaffe. Ga bulo an sauke a ƙofar gida. Wata Asabar bayan azahar Baba ya shiga ɗakin Inna da tef, zai auna filin da za a yi sabon gini, rigarsa sharkaf da gumi. Muka bi shi. Ya auna bango ɗaya. Ya tsaya. Ya ɗaga kai ya kalli azara da 'yar tagar da ke can sama tana fitar da zafi. Inna ta miƙa masa ruwan randa. Ya sha, ya ce bari ya ɗan zauna a tabarma minti biyu.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe shi, tef yana hannunsa. Inna ta kalle ni, ta nuna shi da baki, ta gyaɗa kai sau biyu irin na Ƙadangare. Na fita da gudu, don in na yi dariyar a nan, ni za a rushe.

Yanzu ina shekara goma sha bakwai, in na tuna sai in ga ba Baba ne Ƙadangaren ba. Shi tausayin uwarsa yake ji, yana so ya raba ta da zafi. Ni ne na ga abu yana walƙiya na ɗauka ya fi, don kawai kada a yi mini dariya.

A makaranta nakan ce Baba ya roƙi bangon gafara har da hawaye. Ƙarya nake yi. Tef ɗinsa kawai ya naɗe ya fita. Bulon nan an ƙara wa katanga tsawo da shi, Inna tana ɗakinta, wurin da na yaɓa ya ɗan karkace, kuma duk Asabar bayan azahar takalman Baba suna ƙofar.